Haɗa sana'a biyu a wasan Dungeons & Dragons: yaushe ya dace, yaushe asara ce?

Jama'a, duk wanda ya ɗan jima yana buga Dungeons & Dragons ya san wannan tambayar: in tsaya kan sana'ar gwarzona har ƙarshe, ko in ƙara masa wata? Zan yi bayanin abin da mutum ke samu da abin da yake biya, don shawara ce da za ka zauna da ita wata da watanni kana wasa.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974, yanzu kuma kamfanin Wizards of the Coast ke buga littattafansa. Abokai ne ke zama a tebur, ɗaya yana jan labari, sauran kowa da gwarzonsa na ƙirƙira. Idan ka ce za ka yi wani abu, sai ka jefa ɗan lido mai fuska 20 a ga ko ka dace. Kowane gwarzo yana da sana'a: mayaƙi, ɗan sane, masanin sihiri, mawaƙi da sauransu, kuma yana hawa daga mataki na 1 zuwa na 20. Haɗa sana'a shi ne, lokacin da ka samu sabon mataki, ka zuba shi a wata sana'a daban.

A littafin 2014, wato bugu na biyar, wannan doka ce ta ganin dama, sai mai jan labari ya yarda. Akwai kuma sharaɗi: dole ka kai maki 13 a halin da sana'arka ta yanzu ke bukata, da kuma wanda sabuwar ke bukata. Mayaƙi na son 13 a ƙarfi ko zafin nama, masanin sihiri 13 a ƙwaƙwalwa, jarumin rantsuwa kuwa 13 a ƙarfi da 13 a kwarjini. Masu zuwa daga wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, wanda ya fito a 2023, su kula, don a can an cire wannan sharaɗin, a tebur kuwa yana nan daram.

To, ina tsadar take? Jinkiri ne. Duk matakin da ka kai wata sana'a, ka jinkirta wani babban abu a taka ta asali. Mataki na 5 shi ne inda wasan ke canza kama. A nan mayaƙi ke fara kai sara biyu a juyi ɗaya. A nan masanin sihiri ke samun dunƙulen wutar nan da ake jefa wa lido takwas masu fuska shida. Yanzu ka ɗauka ka raba: uku a mayaƙi, biyu a sihiri. A takarda kai ma ɗan mataki na 5 ne, amma ba ka da sara biyu, ba ka da wutar. Mai jan labari kuwa zai turo dodannin da suka dace da 'yan mataki na 5, ba ruwansu da yadda ka raba naka. Abokanka sun dogara da kai ka tare gaba, ga shi kana sara ɗaya kamar sabon shiga. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji masu magana.

Haka ƙarin maki. Yawancin sana'o'i suna ba da shi a mataki na 4, na 8, na 12, kuma matakin sana'a ake dubawa. Wanda ya yi uku nan uku can ya kai na 6 bai taɓa samun ƙari ko ɗaya ba. Masu sihiri ma akwai tarko: idan ka haɗa sana'o'in sihiri biyu, guraben jifa suna haɗuwa, amma abin da ka iya jefawa kowace sana'a nata take lissafawa. Za ka iya samun gurbin daraja ta uku alhali ba ka san sihirin daraja ta uku ko guda ba. Sara biyun ma ba ya ninkuwa. Ko ka same shi daga sana'a biyu, biyun nan dai ne.

Ba duka ne asara ba fa. Makin gwaninta yana bin jimillar matakanka, daga 2 a farko zuwa 6 a mataki na 17. Ƙananan sihirin da ba sa ƙarewa su ma suna ƙara ƙarfi a na 5, na 11 da na 17 ko ta yaya ka raba. Shi ya sa ɗan tsoma baki na mataki ɗaya ko biyu yakan biya kuɗinsa. Mataki ɗaya a mayaƙi yana ba masanin sihiri sulke da garkuwa, abin da zai hana shi faɗuwa a bugun farko. Mataki biyu a ɗan sane yana ba ka damar ɓuya ko zillewa ba tare da ka bar kai hari ba. Kamar mai shayi ne ya ƙara da soya indomi: teburinsa ɗaya, cinikinsa ya ƙaru. Wanda ya raba rabi da rabi kuwa ya bar tebur da rana tsaka ya tafi koyon kanikanci.

Wacce ka fara da ita ma magana ce. Wanda ya fara a mayaƙi yana samun sulke mai nauyi da rai 10 a tushe, masanin sihiri kuwa 6. Wanda ya shigo mayaƙi daga baya, sulke marar nauyi da matsakaici kawai zai samu. Sannan ka tambayi wane littafi teburinku ke bi. A gyaran 2024, kowace sana'a sai a mataki na 3 take zaɓar reshenta, kuma ƙarin motsin da mayaƙi ke samu a mataki na 2 an hana jefa sihiri da shi. Dabarar da ka gani a YouTube ta yiwu ta tsohon littafi ce.

Ni dai kafin in haɗa, tambaya uku nake yi wa kaina. Ta farko, a wane mataki labarin zai ƙare? Lost Mine of Phandelver a na 5 yake tsayawa, Curse of Strahd wajen na 10. Idan tsarinka sai a mataki na 14 zai nuna kansa, wallahi ba za ka gan shi ba, wahalar kawai za ka sha. Ta biyu, zan iya faɗin abin da nake saye da sunansa? In amsar ita ce "don ya yi kyau", a dakata. Sau da yawa wani reshe a cikin sana'arka ya riga ya ba ka abin. Mayaƙi ma yana da reshen da ke koyon sihiri tun mataki na 3. Ta uku, labarin ya kawo dalili? Ɗan sanen da ya tuba ya yi rantsuwar kare raunana, wannan ko lissafi bai goyi bayansa ba, teburin zai ji daɗinsa, kuma don jin daɗin aka zauna.

Shawarata ga sabon ɗan wasa: ka riƙe sana'a ɗaya har mataki na 5. In ka kai can har yanzu ranka na biyawa, ka zauna da mai jan labari da abokan tebur, ka gaya musu abin da za su rasa daga wajenka na ɗan lokaci. In sun ce ba komai, to bismillah, ka tsoma mataki ɗaya ko biyu, ka dawo kan sana'arka.