Yadda Ake Kiwon Tsohon Ƙaho

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a Agege, na sauka gidan wani dattijo cikin Zango. A zaurensa akwai kan gwanki rataye, wanda mahaifinsa ya harbo a ƙasar Bauchi tun zamanin Turawa, aka kawo shi Ikko a jirgin ƙasa. Ran nan ya ce mini, "Malam ƙarami, ku da kuka yi boko, dubi ƙahon nan. Kowace shekara ina shafa masa man gyaɗa, amma sai ƙara lalacewa ya ke yi." Na ce, "To, Baba, a ba ni kwana biyu in bincika." Abin da na samo shi ne zan gaya muku, gama makarantu da dama suna da irin waɗannan kawuna a ɗakin kimiyya, ba mai kula da su.

Da fari sai mu san ko mene ne ƙaho. Yawancin mutane suna tsammani ƙashi ne, amma rabin gaskiya ke nan. Ƙahon sa, da na bauna, da gwanki, da kanki, da barewa, hawa biyu ne, kamar wuƙa cikin kube. Na ciki ƙashi ne wanda ya tsiro daga ƙoƙon kai. Na waje kuwa, watau kuben, ɗan'uwan farce ne da gashi da kofato. Masana suna kiran abin da aka yi su da shi keratin. Kowa ya je mayankar Oko-Oba ya ga yadda a ke zare kuben nan, shi ne kuma wanzamai ke yin ƙaho da shi. Na barewar Turai dabam ne, ƙashi ne zalla mai rassa, yana faɗuwa kowace shekara wani ya fito. Namu in ya tsage bayan dabba ta mutu, ya tsage ke nan.

Maƙiyan ƙaho uku ne. Na ɗaya, sauyin iska. Kube ya kan sha laima da damina ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, ƙashin ciki kuwa ba ya binsa daidai, sai tsaga ta bayyana. A Arewa bushewa ce ta fi ɓarna, a Ikko kuwa fumfuna. Na biyu, rana da hayaƙin murhu, masu kashe launi su sa bayan ƙahon ya riƙa ɓarewa. Na uku, ƙwari. Akwai wani irin asu a Afirka wanda tsutsarsa ƙaho ta ke ci. Wanda ya taɓa tsintar tsohon ƙaho a daji ya ga 'yan tsiraran bututu sun fito a jikinsa, to, aikinta ne. In kun ga gari-gari a ƙasa daidai inda kan ya ke rataye, ku san akwai mai ci a ciki.

Ga yadda za a yi. A sauko da kan a hankali, a riƙe shi ta katakon, kada a kama ƙahon, domin kuben ya kan zare. A kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, daga gindi zuwa tsini. A goge da tsumma mai ɗan danshi, ban da jiƙawa, a bar shi a inuwa ya sha iska kwana guda. Sa'an nan a ɗiga man ƙafar sa a tsumma, irin wanda a ke samu daga dafa ƙasusuwan ƙafar shanu, a shafa kaɗan, a goge ragowar sarai, kada ya taɓa gashin. Sau ɗaya a shekara ya isa, kafin hunturu. Masu aikin gidajen tarihi ma sun fi son kaki ɗan kaɗan, don mai da yawa yana baƙanta ƙaho ya tara ƙura. Man gyaɗa da manja suna yin wari su jawo kyankyasai, abin da ya sami na Baba ke nan. Baƙin mai na mota da fenti kuwa, kada a kusance su. In ƙwari sun riga sun shiga, a ɗaure kan tam cikin leda, a sa a firiza mako biyu.

Gargaɗi ɗaya gare mu malamai. Masu cusa fatun dabbobi na dā sun yi amfani da sabulu mai gubar asinik don korar ƙwari, gubar kuwa ba ta gushewa da tsufa. Saboda haka kada a bar yara su shafa tsohon kai mai fata, wanda ya taɓa kuma ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan ƙaho? I, gama namun nan sun yi ƙaranci ƙwarai. Tun 1956 aka keɓe dajin Yankari don kare su, a 1985 kuma aka yi dokar ƙasa mai tsare namun da ke neman ƙarewa. Yaron da aka haifa a Agege ya yiwu ya tsufa bai ga gwanki da rai ba, sai wanda ke bangon aji. In muka bari na hannunmu ya rube, ba daidai ba ne a je a harbo wani.

Na Baba dai mun wanke masa man gyaɗan, mun matsar da shi daga bakin taga. Tsagar tana nan, amma ba ta ƙaru ba. 'Yan'uwa, kowa ya duba na makarantarsa kafin hunturu ya kama.