Wai Kiristoci Alloli Uku Suke Bauta Wa?

Guntayen bidiyon nan da ake turawa a WhatsApp da TikTok sun fara ƙure mini haƙuri. Za ka ga matashi ya gyara zaman hula, ya ɗaga yatsu uku a gaban kyamara, yana faɗa da ƙarfin hali wai Kiristoci alloli uku gare su: Allah, da matarsa Maryamu, da ɗan da suka haifa. A kwashe da dariya, a yi kabbara, a tura wa na gaba. Kafin mako ya zagayo maganar ta sauka bakin yara, ka ji ɗan firamare yana tsokanar abokin zamansa a benci da "masu Allah uku". Ni Musulmi ne, ban yi imani da Triniti ba, kuma Suratul Ikhlasi ta ishe ni a wannan babi. Sai dai addinin da ya hana ni shirka shi ne dai ya hana ni ƙage, abin da matashin nan yake faɗa kuwa ƙage ne. Babu cocin da ke karantar da haka, a Kaduna yake ko a Rum.

Abin da suke cewa, a taƙaice, shi ne Allah ɗaya ne a zatinsa, kuma a cikin zatin nan guda akwai Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba, amma babu wanda ya riga wani samuwa, babu wanda aka halitta, kuma ikonsu da nufinsu ɗaya ne. Shi ke nan. Ko hankalinka ya ɗauka ko bai ɗauka ba, wannan wata magana ce daban.

To ina Maryamu a wannan lissafi? Babu ita. Ka je wurin da ake yi wa mutum baftisma, a ECWA ne ko COCIN ko Angilikan ko Katolika, ka kasa kunne. Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki za a yi, kamar yadda ƙarshen Bisharar Matiyu, sura ta 28, ya umurce su. Haka Kibɗawan Masar suke yi, haka cocin Habasha, waɗanda Kiristancinsu ya girmi zuwan Bature Afirka nesa ba kusa ba. Ɗan Katolikan da ka gani yana taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu kafin ya ci abinci, sunayen nan uku yake ambata. A wurinsu duka Maryamu mutum ce, halitta ce, Allah ya zaɓe ta.

Na san inda ruɗanin ya samo asali, kuma ba zan ce babu dalili ba. A shekarar 431 shugabannin coci sun yi taro a Afisa, cikin Turkiyya ta yau, suka amince a riƙa kiran Maryamu "Uwar Allah". Duk Musulmin da ya ji wannan laƙabi sai tsikar jikinsa ta tashi, ni ma haka. Amma abin da suke nufi shi ne wanda ta haifa a Baitalami Allah ne a ganinsu tun daga ciki. Ba su ce ta riga Allah samuwa ba, ba su ce ita ta samar da allahntakarsa ba. Laƙabin a kan Yesu yake magana fiye da a kanta. Sannan ga mutum-mutumin Maryamu a harabar cocin Katolika, ga carbin da suke ja suna neman ta yi musu addu'a. Wannan ma rigima ce a cikin gidan Kiristoci su kansu, domin yawancin sauran ɗariƙun ba su yarda da shi ba, kuma sun fi mu zafi wajen sukar sa. Katolikan kuma su ce girmamawa ce, sujada ta Allah ce shi kaɗai. Tun a ƙarni na huɗu wani bishop mai suna Abifaniyus ya rubuta labarin wasu mata a yankin Larabawa da ke miƙa wa Maryamu waina a matsayin hadaya, ya kuma lissafa su cikin ɓatattu. Ka ga ke nan cocin da kansa ya yi tir da abin tun kafin a haifi Manzon Allah (SAW).

Wani zai ce, ai ga aya ta 116 a Suratul Ma'ida, inda aka ambaci riƙon Annabi Isa (AS) da mahaifiyarsa a matsayin abin bauta. Gaskiya ne, kuma ayar tsawatarwa ce ga duk wanda ya wuce gona da iri a kansu, ko a wane zamani yake. Sai dai ba ta ambaci "uku" ba. A littattafan tafsiri akwai waɗanda suka haɗa ta da ayoyin da suka hana faɗin uku, akwai kuma waɗanda suka kawo Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki yadda Kiristoci ke faɗa. Ba ni da hurumin yin fatawa. Abin da na sani shi ne maƙwabcinka da ke zuwa coci ran Lahadi bai sa Maryamu cikin Triniti ba, kuma idan ka ce ya sa, ka faɗi abin da ba haka ba a kansa.

Maganar aure da haihuwa ta fi muni. Kirista mai ilimi idan ka ce masa Allah ya yi aure ya haifi ɗa, zai ce maka saɓo ka yi, kamar dai yadda limamin unguwarku zai ce. Sun yarda, kamar yadda muka yarda, cewa Maryamu budurwa ce, namiji bai taɓa ta ba. Kuma a aƙidarsu Ɗa yana nan tun fil azal, kafin a halicci Maryamu, kafin Adamu, kafin sama da ƙasa. Wanda yake nan kafin a halicci mace, ta ina aure zai shigo cikin zancensa? Farkon Bisharar Yahaya da suna Kalma ya kira shi, kuma daga nan Kiristocin Sham da Iraƙi suke fara bayani tun zamanin Umayyawa: Allah bai taɓa kasancewa babu Kalmarsa ba, bai taɓa kasancewa babu Ruhunsa ba.

A nan ne ainihin saɓaninmu yake, kuma babba ne. Mu mun ce Annabi Isa bawa ne kuma manzo, da umarnin Allah aka halicce shi ba tare da uba ba. Su sun ce Kalmar ce da kanta ta zama mutum, aka gicciye shi, ya tashi. Tsakanin maganganun nan biyu akwai tazarar da ba ta cikuwa, babu amfanin a yi ta shafa mata mai. Wanda ke da saɓani mai nauyi haka, me zai yi da ƙarin ƙarya?

Malamanmu na farko ba haka suka yi ba, abin da ke ƙona mini rai ke nan. A wajajen 781 Halifa Mahdi ya zauna a Bagadaza da Timoti na Ɗaya, shugaban Kiristocin Gabas, suka yi kwana biyu suna muhawara a kan wannan batu, kowa ya tashi da addininsa da mutuncinsa. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya zayyana ɗariƙun Kiristoci ɗaya bayan ɗaya a littafinsa Al-Milal wan-Nihal, har da matanin aƙidarsu. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya rubuta Al-Jawabus Sahih, raddi mai zafi, amma sai da ya kawo hujjojinsu yadda suka rubuta su kafin ya bi su da amsa. Yau kuma wanda bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, bai ma gama Ahalari ba, shi ne gwanin muƙabala, don kawai yana da waya da data.

Akwai wata jita-jitar da ke bin bayan wannan, wai Sarki Kustantin na Rum ne ya ƙirƙiro Triniti a taron Nikiya na shekarar 325. Shi ya kira taron, wannan gaskiya ne, kuma siyasa ta shiga ciki. Amma Tartuliyan, mutumin Kartaj a Tunisiya ta yau, ya yi rubutu a kan aƙidar da sunanta fiye da shekara 100 kafin taron. Abin da ya kai su Nikiya rigimar wani limamin coci ne na Iskandariya, Ariyus, wanda ya ce Ɗa halitta ne. Masu cewa Ariyus "Musulmi" ne su dakata: ya yarda da gicciye, kuma ya ce ta hannun Ɗa aka halicci duniya. Kustantin ɗin ma daga baya ya kori Atanasiyus, babban mai kare matsayar Nikiya, ɗansa Kustantiyus kuma ya goyi bayan ɗaya ɓangaren. Sai a 381, a taron Kustantiniya, ƙurar ta lafa, aka kuma tabbatar da matsayin Ruhu Mai Tsarki. Zancen wai a Nikiya aka zaɓi littattafan Linjila kuwa, ba ya cikin abin da aka tattauna. Akwai dai masu kiran kansu Kirista da ba su yarda da Triniti ba, irin su Shaidun Jehobah, amma tsiraru ne.

Abin da masu bidiyo ba su taɓa tambaya ba shi ne me aƙidar take nufi ga mai ita. Tsohuwar da ke zaune a coci a Wusasa ba lissafi take yi ba. Idan ta durƙusa, Uba take roƙo, da sunan Yesu, tana kuma jin Ruhu Mai Tsarki ne ke ba ta bakin roƙon. Ta yi imani cewa da ɗan Adam ya faɗa cikin zunubi Allah da kansa ya zo ceton sa, ya ɗanɗani yunwa da gajiya da mutuwa, don haka ran da ta binne ɗanta tana ganin Ubangijinta ya san zafin. Ta yi imani Ruhu yana zaune a zuciyar mai bi, yana ta'azantar da shi, yana tsawata masa. Da sunayen nan uku aka yi mata baftisma, da su ake sa albarka a tashi daga sujada. Agustin, bishop ɗin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya shafe shekaru yana rubuta littafi a kan batun. Cikin abin da ya kawo akwai cewa ƙauna ba ta samuwa sai da mai ƙauna da abin ƙauna da ita ƙaunar, don haka Allah mai ƙauna ne tun kafin ya halicci kowa. Duk da haka ya yarda abin ya fi ƙarfin hankali. Kana iya ƙin wannan duka, ni ma na ƙi. Amma idan ka mai da shi abin dariya, ka sani zuciyar addinin mutum ka taka.

Mun kuma san abin da irin wannan ke haifarwa. Rikicin Kafancan na watan Maris 1987 daga wa'azi ya tashi a Kwalejin Ilimi, kan abin da wani ya faɗa game da addinin da ba nasa ba, cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa.

Saboda haka, mai wa'azi, idan za ka taɓa aƙidar wasu, ka faɗe ta yadda mai ita zai ji ya ce, "E, haka muke cewa," sannan ka kawo hujjarka. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Aya ta 46 a Suratul Ankabut ta gindaya mana yadda ake jayayya da Ma'abota Littafi, ta 108 a Suratul An'am kuma ta hana zagin abin bautar wasu don kada a rama a kan Allah. Ba a saukar da su don ado ba. Iyaye, idan kun ji yaro yana "masu Allah uku", ku kira shi gefe ku gyara masa, ku koya masa tauhidi da kyau ba tare da kun cusa masa raina ɗan ajinsu ba. Malaman Islamiyya, ku ne kuka fi kowa dama, domin abin da kuka faɗa wa yaro yana ɗan shekara bakwai da shi zai tsufa. Mai kula da zauren WhatsApp na dangi ko na tsofaffin ɗalibai, ka goge irin bidiyon nan ko da yayanka ne ya turo, ka kuma gaya masa dalili. Kai kuma mai turawa, ka daina fakewa da "haka na gan shi". Wanda ya yaɗa ƙage yana da kasonsa a ciki.

'Yan'uwa Kiristoci, ku ma da naku. Fastocin da ke hawa bagade suna cewa Musulmi wata suke bauta wa, ko baƙin dutse, ko wai Allahn Musulmi gunkin Larabawa ne, laifinsu ɗaya da matashin mai yatsu uku. Littafi Mai Tsarkin da kuke riƙe da shi, tun fassarar 1932 da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka yi, da sunan Allah yake kiran Ubangiji. Sannan ku koyar da yaranku aƙidarku daidai. Misalin nan na ruwa da ƙanƙara da tururi da ake yawan bayarwa a makarantar Lahadi, ra'ayin Sabiliyus ne, wanda cocinku ya ƙi tun ƙarni na uku, domin yana nuna abu ɗaya ne ke sauya kama. Yaron da aka koya wa wannan, ran da ya haɗu da Musulmi mai karatu zai rasa ta cewa, daga nan sai fushi da zagi.

Matashin da ke sha'awar muƙabala da gaske kuma, hanya a buɗe take. Ka fara da naka tukuna, ka zauna gaban malami ka karanta tauhidi har ya zauna maka. Sannan ka nemi Littafi Mai Tsarki na Hausa, ana sayar da shi a Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano, ka karanta Maimaitawar Shari'a sura ta 6, da Markus sura ta 12, da farkon Yahaya, da ƙarshen Matiyu, ka ga inda suke kafa hujjar kaɗaita Allah da inda suke kafa ta ukun. Ka sami fasto ko malamin makarantar tauhidinsu ka yi masa tambayoyinka ido da ido, wayarka tana aljihu.