Yaron Shago Ba Ya Zama Inda Bai Hango Gobensa Ba

Duk mai shagon da ka zauna da shi a unguwar Malam Inna ta Gombe, in ya gama kukan tsadar kaya, sai ya shiga na yara. "Yaran yanzu ba sa zama," haka za ka ji. Ka ɗauko yaro bai san awo ba, ka koya masa lissafi da tarbar mutane, ranar da ya fara amfani sai ya ce ya samu wani wuri, ko ya karɓi Keke Napep, ko ya kafa teburin POS a bakin titi. Su kuma yaran nasu kukan daban: "Shekara nawa ina tare da Alhaji, har yau ban san matsayina ba." Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma gyaran yana hannun maigida, domin shi ne mai asara mafi girma.

Malam Inna tana maƙwabtaka da Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, kuma ɗalibai da dama a unguwar suke kama haya. Shagunan kayan masarufi da na kayan waya da kemis da wuraren buga takardu duk sun jingina da su. A irin wannan wuri kaya iri ɗaya ne, farashi kusan ɗaya. Abin da ke bambanta shago da shago shi ne wanda ke tsaye a bayan kanta.

Tsaya ka kalli ƙwararren yaro bayan la'asar. Yana auna wa wata uwa shinkafa, idonsa na kan ɗalibin da ke jujjuya caja a hannu. Ya san wanda ake ba bashi har kuɗin gida su iso, ya san wanda in an ba shi an yi sallama da kuɗin. Tiransifa ta shigo, ya duba alat kafin kaya su fita. Yaro ƙarami ya zo da aike, ya ƙulle masa canji a leda, ya ce a gaida Hajiya. Wannan sani ba a rubuce yake ba, a kansa yake. Lambobin masu saye kuma a wayarsa suke. Ranar da ya tafi, ba hannu biyu kaɗai maigida ya rasa ba, har da mutanen da suka saba da fuskarsa.

Me ke korar su? Na farko, kuɗin da ba ya isa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Ke nan yaron shago ba shi da madogara sai adalcin maigidansa.

Sai dai kuɗi ba shi ne duka ba. Masanin halayyar ma'aikata ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya nuna tun 1959 cewa albashi da yanayin wurin aiki suna hana ma'aikaci ƙorafi ne kawai, amma abin da ke sa shi zage damtse shi ne a yaba masa, a damƙa masa amana, ya kuma ga hanyar ci gaba.

Magabatanmu sun riga sun san haka. Lokacin da Abner Cohen ya yi nazarin Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, a littafinsa na 1969, ya tarar iyayen gidan da ke riƙe da cinikin shanu da goro suna ɗaure yaransu da alheri: masauki, abinci, aure, har yaro ya zama dillali mai cin gashin kansa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da wakilan da yake ba jari suna saya masa gyaɗa ya gina kasuwancinsa a Kano. 'Yan kasuwar Ibo kuwa har yau suna riƙe da tsarin da yaro zai yi wa ubangidansa hidima na shekarun da aka yanka, sannan a sallame shi da jari. A fiƙihun Malikiyya ma akwai ƙiradi: ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo ƙarfinsa, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko, asarar jari kuma tana kan mai dukiya in ba sakaci aka yi ba. Duk waɗannan hanyoyi abu ɗaya suka tsare: yaro ya san inda wahalarsa za ta kai shi.

Abin da ya lalace a yau shi ne an riƙe sunan tsarin, an saki alƙawarinsa. Ana ce wa yaro "kai ɗan gida ne" don kada ya tambayi albashi, sannan in lokacin sallama ya matso sai a nemo masa laifi. Sauran yaran suna kallo, kuma daga nan ne wasu ke fara sallamar kansu daga cikin aljihun tebur.

Mai son riƙe yaronsa ya fara da magana a fili. A zauna da mahaifin yaron ko wakilinsa da shaidu biyu, a rubuta: nawa ne a wata, nawa ne kuɗin abinci, shekara nawa za a yi, da me za a sallame shi. Sai kamasho. A misali, shagon da ya ci ribar naira 200,000 a wata, in aka ware wa yaro kashi 5 cikin ɗari, naira 10,000 ce kan albashinsa. A ɗora shi kan riba da kuɗin da suka shigo hannu, ba kan yawan kayan da suka fita ba, don kada ya riƙa rabon bashi barkatai ko yi wa mai saye rantsuwar ƙarya. Lokacin hutun jami'a, da ciniki ke ja baya, kada a zaftare masa albashi alhali da shi aka kwashi ribar lokacin karatu.

Akwai kuma abubuwan da ba sa cin ko sisi. Kada a zage shi gaban masu saye. Gyara a keɓe ake yi. A riƙa ƙidayar kaya tare da shi duk mako, don zargi ya rasa wurin zama. A ba shi yinin hutu, a bar shi ya je Islamiyya ko makarantar yamma. In mace ce, ta tashi da sauran haske. A tafi da shi sari Babbar Kasuwar Gombe, ko Kantin Kwari da Singa a Kano, a gabatar da shi ga manyan diloli. Yaba kyauta tukuici: in ya yi abin kirki, a faɗa masa.

Wani zai ce in ka koya masa komai, gobe shi ne kishiyarka. To, ai ko ba ka koya masa ba zai tafi, sai dai ya tafi da haushi. Wanda aka sallama cikin mutunci kuwa a wurinka zai riƙa sari, shi zai riƙe maka reshe a Tudun Wada ko Pantami, shi zai kawo maka ƙanensa ya gaje shi. Don haka duk maigidan da ke da yaron da ya haura shekara biyu ba tare da an yi maganar makomarsa ba, ya kira shi cikin makon nan, a zauna, a yanka lokaci, a sa hannu.