Horar da Ma'aikata Rubutun Shafukan Intanet

Yawancin ma'aikatan ofis sun koyi rubutu ne a makaranta, inda sau da yawa ake auna ƙwazon ɗalibi da yawan shafukan da ya cika, sannan suka ƙara gogewa a wurin aiki wajen tsara wasiƙu da rahotanni waɗanda ake buɗewa da doguwar shimfiɗa kafin a zo ga gundarin magana. Wannan salo yana da gurbinsa a takarda, amma idan aka kwashe shi aka zuba a shafin intanet sai ya hana mai neman bayani samun abin da ya zo nema, domin mai karatu a allon kwamfuta ko na waya ba ya karatu irin na mai riƙe da littafi. Wannan ne ya sa ma'aikatu da kamfanoni suke ware lokaci da kuɗi domin sake koya wa ma'aikatansu rubutu, har da waɗanda suka yi shekaru da biro a hannu.

Tushen wannan horo yana komawa ga binciken da Jakob Nielsen da John Morkes suka wallafa a Amurka a shekarar 1997, inda suka gano cewa kashi 79 cikin 100 na mutanen da suka gwada suna bin shafi ne da ido sama-sama suna tsintar kalmomi, yayin da kashi 16 kacal suke karanta shi kalma bayan kalma. Masu binciken sun ɗauki wani rubutu na tallar wuraren yawon buɗe ido a jihar Nebraska, mai cike da zuzutawa, suka taƙaita shi, suka tsara shi yadda ido zai iya tsintar muhimman abubuwa, suka kuma cire kurarin da ke cikinsa, sai ma'aunin sauƙin amfani da shi ya ƙaru da kashi 124 cikin 100. A 2006 kuma Nielsen ya yi amfani da na'urar da ke bin motsin ƙwayar ido a kan mutum 232, ya nuna cewa mai karatu yakan bi layukan farko daga hagu zuwa dama, sannan ya gangara ta gefen hagu yana duba farkon kowane layi kawai. Daga nan ne aka samo darasin farko da ake koyarwa a kusan kowane horo, wato a sa amsa a sama, a sa kalma mafi muhimmanci a farkon kanun magana, a bar tarihi da dalilai su biyo baya ga mai son su. 'Yan jarida sun daɗe da sanin wannan tsari, amma ga ma'aikacin gwamnati baƙon abu ne.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na gwamnatin Birtaniya. A 2010 Martha Lane Fox ta gabatar da rahoto tana ba da shawarar a haɗa ɗimbin shafukan gwamnati wuri guda, a 2011 aka kafa hukumar kula da ayyukan gwamnati ta intanet da ake kira GDS a taƙaice, sannan a watan Oktoba na 2012 aka buɗe shafin GOV.UK, wanda daga baya ya haɗiye shafukan ma'aikatu da na hukumomi fiye da 300. Tun da ma'aikata masu yawa ne daga ofisoshi daban-daban za su riƙa wallafa bayanai a shafi ɗaya, sai aka gindaya sharaɗin cewa ba a buɗe wa ma'aikaci hanyar shiga manhajar wallafa sai ya kammala horo. Sarah Richards, wadda ta jagoranci sashen tsara rubutu a farkon aikin, ta fitar da littafi a 2017 da ya yaɗa hanyar zuwa wasu ƙasashe.

Abin lura shi ne cewa horon ba ya farawa da nahawu. Yana farawa ne da abin da ake kira buƙatar mai amfani, wato jimla guda da marubuci zai tsara kafin ya rubuta komai, wadda za ta faɗi wane ne mai karatu, me yake so ya yi, kuma don me. Idan ma'aikaci ya kasa cika waɗannan gurabe uku, to alama ce cewa shafin da yake shirin rubutawa na biyan buƙatar ofis ne ko ta shugabansa, ba ta jama'a ba. Shafin ranakun hutu na GOV.UK ya nuna amfanin wannan tsari, domin mai buɗe shi yana cin karo da ranar hutu mai zuwa a rubuce da manyan haruffa a sama, jerin sauran ranakun shekara kuma yana ƙasa, ba tare da bayanin dokar da ta kafa hutun ko jawabin wani minista ba. Mutumin da ya shiga don ya san ko za a buɗe banki ranar Litinin yakan samu amsarsa kafin ya taɓa allo sau biyu.

Bayan haka ne ake zuwa ga ƙa'idojin salo. Jagorar GOV.UK ta daɗe tana umartar marubuta su yi rubutun da mai ƙarfin karatu irin na ɗan shekara 9 zai fahimta, su kuma sake duba duk jimlar da ta wuce kalmomi 25 ko za ta rabu biyu. Ana koya musu su duba kalmomin da mutane suke rubutawa a injin bincike irin su Google, su yi amfani da su maimakon sunayen da aka raɗa wa shirye-shirye a cikin ofis, waɗanda babu wanda ya san su a waje. A nan ne ake samun tirjiya mafi yawa, musamman daga lauyoyi da likitoci da masu tsara manufofi, waɗanda suke ganin sauƙaƙa magana rage mata daraja ne ko kuma buɗe ƙofar kuskure. Tsoron kuskure yana da hujja, amma tsoron zubewar daraja ba shi da ita, domin ƙwararre shi ne ya fi kowa ƙarancin lokaci, kuma shi ma ya fi son a ba shi amsa kai tsaye.

Maganin da aka samo wa wannan saɓani shi ne rubutun haɗin gwiwa, inda masanin fanni da marubuci suke zama gaban kwamfuta ɗaya, marubucin yana tambayar me wannan sakin layi yake nufi, masanin yana amsawa da baki, sai a rubuta amsar bakin a maimakon asalin sakin layin, domin mutum yakan yi bayani a fili idan yana magana fiye da idan yana rubutu. Akwai kuma ƙa'idar cewa ba a sakin shafi sai wani abokin aiki ya duba shi da idonsa, da kuma zaman da marubuta suke yi lokaci-lokaci suna nazarin aikin junansu, bisa sharaɗin a yi magana a kan rubutu ba a kan mai shi ba. Waɗannan al'adu na yau da kullum sun fi kwas ɗin yini ɗaya tasiri nesa ba kusa ba, domin ma'aikacin da ya dawo daga bita da sabon ilimi, amma ya tarar shugabansa yana nan a kan bakansa na a buɗe kowane shafi da tarihin ma'aikata, ba zai jima ba zai koma gidan jiya. Amurka ta bi ta hanyar doka, inda a 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar rubutu bayyananne, wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya horar da ma'aikatansu da kuma naɗa babban jami'in da zai sa ido a kan aikin, kuma wannan sharaɗi na biyu amincewa ne da cewa horo ba ya kama ƙasa sai da goyon bayan na sama.

Wani sashe na horon ya shafi masu buƙata ta musamman. Makaho yana amfani da manhajar da ke karanta masa shafi da murya, kuma tana iya jero masa mahaɗai kaɗai, wato kalmomin da ake latsawa don tafiya wani shafi, saboda haka idan duk an rubuta musu "latsa nan" ba zai san inda kowanne ya nufa ba. Ana koya wa marubuci ya sa mahaɗi ya faɗi inda zai kai mutum, ya kuma rubuta gajeren bayani ga kowane hoto mai ɗauke da saƙo.

Mai rubuta shafi da Hausa yana da ƙarin abin kiyayewa, domin masu karatunsa galibi a waya suke, inda layi yake ɗaukar kalmomi kaɗan, kuma doguwar gaisuwa da jero muƙamai, waɗanda suke ladabi ne a wasiƙa, suna iya cinye allon farko gaba ɗaya kafin a ambaci ranar rufe karɓar takardu ko kuɗin da za a biya. Haka nan da yawa daga masu bincike ba sa rubuta haruffa masu lanƙwasa a wayoyinsu, don haka wajibi ne mai kula da shafi ya gwada akwatin bincikensa ya tabbatar cewa wanda ya rubuta kalma ba lanƙwasa zai samu shafin da aka rubuta ta da lanƙwasa.