Abin da ya kamata ku sani: Abincin alkama a fadamun Isa da Sabon Birni

Duk wanda ya san noman rani a fadamun Isa da Sabon Birni ya san alkama ba ta wasa da lokaci. Tana son sanyin hunturu, shi ya sa ake shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Amma ko an dace da lokaci, manoma biyu za su zuba taki iri ɗaya, ɗaya ya cika buhuna, ɗaya ya tashi da tsamurarrun ƙwayoyi. Sau da yawa bambancin yana cikin ƙasar ne.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Buhun NPK 15-15-15 kuwa kilo 7.5 kacal yake da shi na kowanne daga sinadaransa uku. A zuba NPK lokacin shuka, domin saiwa na buƙatar fosfaras ɗin da ke cikinsa tun tana ƙarama. Yuriya kuma a raba ta: kashi ɗaya sa'ad da alkama ke fitar da 'ya'ya daga gindi, sauran kafin zangarniya ta fito. Wannan zubi na ƙarshe yana ƙara wa ƙwaya furotin, wato danƙon da masu taliya da alkaki da finkaso ke nema. Kada a watsa yuriya a bar ta a sarari. A bi ta da ban ruwa, in ba haka ba wani kaso zai bi iska.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani. Azotobacter da Azospirillum suna jawo ɗan naitirojin daga iska kusa da saiwa. Wasu dangin Bacillus da Pseudomonas suna narkar da fosfaras ɗin da ƙasa ta riƙe ta hana shuka. Su ma masu rai ne, abincinsu ruɓaɓɓen takin shanu da na awaki, da kara da ganyen da suka ruɓe. Ƙasar da aka yi shekaru ana ƙona mata kara, ana ɗura mata takin zamani zalla, ƙwayoyin nan raguwa suke yi a cikinta, ita kuma ta daina riƙe ruwa da taki. Abin damuwa, rashin tsaro ya raba gidaje da dama a yankin nan da dabbobinsu, takin gargajiya ya yi wuya. Don haka tara juji da ruɓar da kara a rami ya zama dole.

A kula: ƙwayar Rhizobium da ake gauraya irin waken suya da ita ba ta yi wa alkama aiki. Amfaninta yana zuwa ne idan alkama ta biyo bayan wake ko gyaɗa a gona. Kuma babu ƙwayar da za ta maye gurbin taki gaba ɗaya. Taimako take yi.

Inda ƙasa ta fara fitar da farar kanwa, ƙarin taki asara ne. Sai an gyara magudanar ruwa tukuna, wani wurin har da zuba jibsam.

Manomi, kafin ka sayi buhu na gaba, nemi malamin gona ya duba ƙasarka, kuma ka nemi ingantaccen iri daga waɗanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar.