Ƙaramin sahu a takardar kiɗa: wa ke gaba, wa ke bi?

A takardar kiɗan Turawa da aka rubuta wa fiyano da goge, mai fiyano yana da sahu biyu manya, kowanne mai layi biyar. A samansu akwai na uku, ɗan ƙarami, na mai goge. Ba raini ba ne. Mai fiyano ba zai kaɗa shi ba, yana dai satar kallonsa ne don ya san inda abokinsa ya kai.

Yin haka a kwamfuta ba wuya. A manhajar MuseScore, wadda kyauta ce, ana shiga saitin sahun a zaɓi ƙarami, sai ya koma kashi 70 cikin 100 na girmansa. Sautin bai canjawa, ido kawai aka sauƙaƙa wa.

Wahalar tana wajen matashin da ke son rubuta kiɗan gida. A Falanko da sauran garuruwan Damargu, da kunne ake koyo, ɗa a gefen uba. Haka marigayi Malam Maman Barka, haifaffen Taskar a jihar Damagaram, ya koyi biram, molon Buduma mai tsirkiya biyar. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi yankin Tafkin Chadi wurin Bukar Tar, wanda ake ganin shi kaɗai ya rage a gwanayen abin. Da ya makara, da kiɗan ya bi tsohon kabari. Shi ma Barka ya rasu a 2018.

Irin wannan fargaba ce ke sa a nemi rubutu. To amma wa za a ƙanƙanta? A takardar 'yan amshi amsar a fili take: mawaƙi ne, tunda shi suke saurare. Sai dai mawaƙi irin Mamman Shata ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Yakan ja baiti ko ya datse shi gwargwadon wanda ya shigo fili, don haka abin da ƙaramin sahun zai riƙe rerawar dare ɗaya ce kawai.

Kalangu ya fi ba da ciwon kai. Makaɗi na matsa shi a hammata, murya ta zame tsakanin sauti da sauti tana kwaikwayon magana, su kuwa layuka biyar don sauti masu tsayawa wuri ɗaya aka tsara su.