Amya a Bayan Gida: A Raba Kafin Su Gudu

'Yan'uwa fatake, bazara in ta kama shanu kan rame, ciniki ya ja baya a kasuwannin Turu ta Paraku da Kolokonde ta Jugu. A lokacin ne ɗorawa da kaɗanya ke fure, amya ta cika maƙil. Bara na yi sakaci ina kan hanya, tsohuwar sarauniya ta kwashe rabin ƙudan suka tafi, kulan zuma guda ban samu ba.

Maganin abin shi ne rabawa da wuri. Da almuru ka turara busasshen kashin shanu, ka ciro saƙa uku masu sababbin ƙwai da ƙudan da ke kansu, haɗe da ɗaya mai zuma, ka sa a sabuwar amya. Da sun ga ba uwa, su da kansu za su reni wata, ta fito cikin kamar mako biyu. Kada ka buɗe sai an yi wata guda.

Hattara dai: a nisanta amya da turke, don saniyar da ke ɗaure ba ta iya gudu. Maganin kaska kuma kashe ƙudan yake. Allah ya ba da sa'a.